Direban Tenere da Na'urar Nuna Hanya

Ajiye na'urorin nuna hanya guda biyu a kan teburin mai shago. Ɗaya mai faffadan allo, launinta na ɗaukar ido, tana magana da muryar mace: juya dama, juya hagu. Ɗayar 'yar ƙarama ce mai kaurin jiki, an lulluɓe ta da roba, allonta ɗan tsito, sai maɓallai a gefe. Yawancin masu mota ta farkon za su miƙa wa hannu, kuma ba su yi laifi ba. To amma kira direban da ya saba ratsa hamadar Tenere, daga Agadas zuwa Dirku ko Bilma, ka ce ya zaɓa. Tun kafin ya kunna kowace, zai juya bayanta ya nemi murfin batir. Mai lura, daga nan kaɗai zai gane akwai ilimi a wurin, irin wanda ba a rubuta shi a jikin kwali.

Wannan gwaninta tana burge ni ƙwarai. Mai sayarwa ya riga ya cika wa direba kunne da abin da na'urar ta iya, shi kuwa hankalinsa na can wajen inda za ta gaza da ranar da za ta yi masa ƙarya, don ya shirya wa ranar tun yana gida.

Sai an san ƙasar kafin a fahimci zaɓin nasa. Tsakanin Agadas da Bilma akwai fiye da kilomita 500, kuma da zarar mota ta bar duwatsun Azbin a baya, babu kwalta, babu gari sai Fachi, babu wanda za a tsaya a tambaya. Ana cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai in akwai wanda za a tambaya. Shekaru aru-aru ayarin raƙuman Abzinawa ke bin wannan fili da kaka, su kai gero su ɗauko kantun gishiri da dabino, madugu na gaba yana karanta rana da taurari da yadda iska ta kwantar da yashi. Alamun ƙasa kaɗan ne, shi ya sa kowace take da daraja. Mafi shahara ita ce bishiyar Tenere, wata 'yar ƙaya guda ɗaya tilo da ta tsaya kusa da rijiya, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. Har a taswirar da ba ta damu da ƙananan garuruwa ba sai da aka sa ta. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. A duk faɗin filin nan, ita kaɗai direban ya samu ya buga! Gangar jikinta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. Kafin nan, a 1959 da 1960, ayarin manyan motocin kamfanin Berliet na Faransa ya ratsa Tenere yana kafa sandunan ƙarfe don masu zuwa a baya. Da irin waɗannan alamu, da ido, da abin da aka haddace, direbobin farko suka yi aikinsu.

Na'urar ta shigo ne daga baya, kuma gwani ya san yadda take aiki ko da bai taɓa shiga aji ba. Tsarin GPS da take dogara da shi na ma'aikatar tsaron Amurka ne. An harba tauraronsa na farko a 1978, aka kammala jerin guda 24 a 1993. Suna can sama da nisan kimanin kilomita 20,200, kowanne na kewaya duniya sau biyu a kwana guda, ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar inda yake da lokacin da ya yi shelar. 'Yar na'urar da ke hannun direba sauraro kawai take yi. Takan auna tsawon lokacin da saƙon kowane tauraro ya ɗauka kafin ya iso, ta mai da shi nisa, in ta sami huɗu sai ta fitar da inda take. Saƙon na gudun kilomita 300,000 a sakan guda, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan yakan kai mutum mita 300 daga inda yake. Da fari don soja aka yi abin. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harbo jirgin fasinjan Koriya ta Kudu da ya kauce hanya a 1983, mutum 269 suka mutu, Shugaba Reagan ya ce za a buɗe wa farar hula. Duk da haka sai aka riƙa gurɓata saƙon da gangan, na'ura ta kauce har mita 100, har zuwa watan Mayun 2000 da gwamnatin Clinton ta daina. Yau a fili mai buɗaɗɗen sama kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba.

Abu biyu direba ya tsinta daga wannan bayani, kuma su ne ginshiƙin zaɓinsa. Na farko, na'urar ba ta buƙatar sabis ɗin waya ko data don ta san inda take. Sama kawai take so ta gani. Na biyu, sanin inda kake daban, sanin hanya daban. Taurari lamba suke bayarwa. Taswirar da ake ɗora lambar a kai, mutane ne suka zana ta, kuma ba duk inda mota ke bi suka taka ba.

Mu koma ga murfin batir. Na'urar mota ta birni, wadda ake manna wa gilashin gaba, batirinta na ciki ne, kuma in an zare ta daga cajar mota da wuya ta wuce awa ɗaya ko biyu. An ƙera ta ne bisa zaton cewa mota na raye. A hamada kuwa, ranar da aka fi buƙatarta ita ce ranar da motar ta mutu, aka shiga tunanin tafiya rijiya da ƙafa. Shi ya sa gwani ke son irin ta hannu mai cin batir biyu na tocilan ko rediyo, waɗanda ake samu a kowace tireda. Ƙananan Garmin eTrex, alal misali, sukan yi kusan awa 25 da batir biyu. Ya zuba kwali guda a aljihun mota, ya huta. Ga kuma zafi. Gilashin gaba da tsakar rana murhu ne: batirin ciki ya kumbura, waya ta kashe kanta don tsira, robar da ke manne da gilashi ta saki, na'ura ta faɗo ƙarƙashin ƙafa daidai lokacin da ake hawan tudu. Gwani kan nemi mariƙi mai kusoshi, ya ɗaure shi inda inuwa take amma sama na ganuwa.

Maɓallai ma da dalilinsu. Allon shafawa yana da daɗi a falo. A cikin Hilux ko Land Cruiser da ke tsalle a kan gargada, yatsa mai gumi da ƙura da baƙin mai ba ya sauka inda aka nufa, kuma shafa ɗaya a kuskure ta isa ta goge abin da aka yi kwanaki ana tarawa. Maɓalli kuwa ana jin sa a yatsa, ido na kan hanya. Sai ya fita da na'urar waje, ya riƙe ta a tsakiyar rana. Akwai allon da rana ke wanke shi fes ba a ga komai, akwai wanda hasken rana ke ƙara fito da shi. Ba a gane bambancin a cikin shago. Zai duba ramukan caji, ko suna da murfin roba, domin ƙurar hunturu ba ta neman izini. In an rubuta cewa ruwa ba ya shigar na'urar, ya ji daɗi, ko da yake ba ruwan yake tsoro ba; abin da ya hana ruwa shiga ya rage wa ƙura ƙofa.

Mai shago zai yi ta tallar cewa wannan sabuwa ce, bayan taurarin Amurka tana jin na Rasha, GLONASS, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Gaskiya ne, kuma yana da amfani a cikin kwazazzaban Azbin ko tsakanin dogayen benaye, inda dutse ko gini ke tare rabin sama. A tsakiyar Tenere kuwa, inda sama take a buɗe daga gabas har yamma, wannan ƙari bai kai a ninka kuɗi saboda shi ba. A ganina nan ne ake bambanta gwani da mai sha'awa: ya san abin da ya cancanci kuɗinsa a kan tasa hanyar.

Batun taswira shi ne ramin da 'yan koyo suka fi faɗawa. Na'urori da yawa da ke yawo a kasuwanninmu na hannu ne, daga Turai aka shigo da su, wasu ma a cikin motocin da aka sayo. An loda musu taswirar Jamus ko Beljiyam ko Faransa, har da alƙawarin sabuntawa kyauta muddin rai, amma na can ƙasar. A kunna a Agadas ko Zinder, sai ka ga 'yar kibiya tana iyo a farin fili, wataƙila da layi ɗaya na babbar hanya. Don haka gwani ke neman ramin katin ajiya, ya kuma tambaya ko na'urar na karɓar taswirar da ba ta kamfaninta ba. Akwai OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila a 2004, 'yan sa-kai ke zana ta kuma kyauta ce. Akwai Tracks4Africa ta Afirka ta Kudu, wadda aka gina da sawun matafiya na gaskiya. Duk da haka ba ya rabuwa da takarda. Taswirar Michelin mai lamba 741, ta arewaci da yammacin Afirka, ta daɗe tana cikin motocin masu ratsa Sahara, da tsofaffin taswirorin hukumar safiyo ta Faransa. Takarda na nuna faɗin ƙasa gaba ɗaya a kallo guda, abin da ɗan allo ba zai taɓa yi ba.

Amma abin da ya fi kowane daraja a wurinsa shi ne sawu. Na'ura mai kyau tana ajiye ɗigo-ɗigon duk inda mota ta bi, su zama zare a kan allo, kuma tana iya juya zaren ta mai da kai ta inda ka fito. A na'urorin Garmin ana kiran wannan TracBack. Direba zai tambaya: sawu nawa take ɗauka? In cikinta ya cika, gargaɗi take yi ko tsohon take gogewa a ɓoye? Ana iya kwafe shi zuwa kati, ko a tura wa wata na'urar? Haka ma alamun zango: rijiyar Achegour, rijiyar Espoir, inda aka binne jarkar mai don dawowa, inda yashi ya taɓa haɗiye taya, mashigin da ke tsakanin tuddai biyu wanda in an wuce shi sai an yi zagayen rabin yini. Kowanne da sunan da shi ya raɗa masa. Bayan shekaru, wannan tarin shi ne jarinsa. Motar ana iya sayen wata, na'urar ma haka, amma sawun da aka tara da gumi ba ya cikin kowane shago. Ba kowa ake ba shi ba, kamar yadda madugu ba ya buɗe wa kowa cikinsa.

Akwai wani tarko na lamba da ya isa a tsaya a kansa. Ana rubuta wuri ta hanya fiye da ɗaya: da digiri da minti da sakan, ko da digiri da ɗigo. Agadas tana wajen digiri 17 arewa, 8 gabas. A ce wani ya kira ka ta waya ya ce motarsa ta lalace a "goma sha bakwai, talatin". In nufinsa digiri 17 da minti 30, to rabin digiri ke nan a kan 17, domin minti 60 ne a digiri. In kai kuma ka danna 17.30 a na'urar da aka saita kan ɗigo, ka rage kashi biyu cikin goma na digiri. Digiri guda daga kudu zuwa arewa kusan kilomita 111 ne, saboda haka za ka je ka tsaya kilomita 22 daga inda mutumin yake, kana duba fili babu kowa, shi kuma ruwansa na ƙarewa. Gwani ba ya karɓar lamba sai ya sa an maimaita masa ita, ya tambayi yadda aka saita na'urar mai bayarwa. Yakan kuma zaɓi na'urar da sauya wannan saiti ba ya mata wuya, ya tabbatar tana kan ma'aunin WGS 84, wanda GPS ke aiki da shi, tun da tsofaffin taswirori wasu ma'aunai suke bi.

Idan an kama hanya, sai ka ga ashe kallon allon ma kaɗan ne a cikin aikin. Kibiya miƙe take nunawa: rijiya na can, kilomita kaza. Ba ta san cewa tsakaninka da can akwai jerin tuddan yashi ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta tura yashi ya hau a hankali ta gefen da take bugu, ya zube a tsaye ta ɗaya gefen. Wanda ya bi kibiya ido rufe zai hau gefe mai sauƙi da gudu, ya tarar babu ƙasa a bayansa. Direba na karanta launi da kyallin yashi, ya san mai tauri da mai laushin gari wanda ke kama taya har gindi. Ya san da sassafe yashi ya fi ɗaukar mota, da rana tsaka kuma inuwa takan ɓace, rami da tudu su zama abu guda a ido. Ya rage iskar taya kafin ya shiga laushi. Ya kauce wa kibiya kilomita goma don ya bi ta kwari, sannan ya dawo mata. Na'urar na gaya masa nawa ya kauce, idonsa na gaya masa ta ina zai bi.

Har kibiyar ma ya san halinta. Na'urori masu araha ba sa sanin inda suka fuskanta sai mota na tafiya. A tsaye, kibiyar juyawa take yadda ta ga dama. Masu kamfas a ciki suna nunawa ko a tsaye, amma ƙarfen mota na ruɗa su, sai an fito an ɗan yi nisa. Da dare yakan ɗaga kai ya gwada maganarta da tauraron arewa, wanda a wannan yanki yake rataye ƙasa-ƙasa, digiri 17 ko 18 daga inda sama ta haɗu da ƙasa. In hazo ya rufe taurari, ya koma ga na'ura. Kowanne shaidar ɗan'uwansa ne. Mai dabara ma yakan ajiye lambar Ka'aba a cikin alamunsa, in lokacin salla ya yi ya duba alƙibla. Lissafin mai kuwa a kan na'urar yake yin sa, ba a kan mitar mota ba, domin tayar da ke juyawa a banza cikin yashi ƙirga take yi, mota ba ta gusa ba.

Akwai abin da na'urar ba ta yi ko kaɗan, kuma rashin saninsa ya ci rayuka: ba ta kiran kowa. Tana gaya maka inda kake, ba ta gaya wa wani. Mutane kan haɗa ta da abin bin sawun mota da ake ɓoyewa don maganin ɓarayi, alhali wancan da layin waya yake aika labari, kuma babu layi a Tenere. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, galibinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa su. Saboda irin wannan, direban kirki ke haɗa na'urarsa da wayar tauraron ɗan'adam, galibi Thuraya, ya kuma faɗa wa wani a gida hanyar da zai bi da ranar da ya kamata a ji shi. Ba ya tafiya mota ɗaya in da hali. An daɗe ana fita daga Agadas zuwa Dirku a ayari tare da rakiyar soja. Gano zinariya a Jado a 2014 ya cika hamada da sababbin direbobi. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, wadda aka soke a Nuwamban 2023, ta sa wasu suka riƙa kauce wa sananniyar hanya da rijiyoyinta don gudun jami'ai, suna dogara da lambar da wani ya ba su. Na'ura ta ba wanda bai san ƙasa ba ƙarfin halin shiga inda da ba zai kusanta ba, kuma wannan ba ƙaramar illa ba ce.

Kada a ɗauka cewa 'yar na'ura mai maɓalli ita ce ta fi a ko'ina. Wannan direban, in ɗan'uwansa mai tasi a Kano ko Yamai ya nemi shawara, zai ce masa ya riƙe wayarsa. A birni cunkoso ne matsala, kuma waya mai intanet ce ta san inda aka toshe yanzu-yanzu. Google Maps ma ta ƙara hanyar babura da murya mai karin harshen 'yan Najeriya a 2019. Abin da yake buƙata shi ne mariƙi mai ƙarfi, da caja ta gari, da sauke taswirar gari a waya saboda inda sabis ke yankewa. Direban tirela a Ingila kuwa wata iri yake nema, wadda ake shigar mata da tsawo da nauyi da faɗin motarsa, don kada ta kai shi ƙarƙashin gajeriyar gadar jirgin ƙasa. Tambayar dai ɗaya ce a wurin su ukun: a kan hanyar da nake bi, me zai fi cutar da ni in na'ura ba ta san shi ba?

Kafin ya biya, akwai gwaji na ƙarshe. Zai sa batir, ya fita fili, ya jira. Na'urar da ta daɗe a kashe, ko aka kawo ta daga wata nahiya, takan ɗauki mintoci kafin ta kama taurari. Cikakken jadawalinsu kan ɗauki minti 12 da rabi kafin ya gama saukowa, don haka ba ya yanke mata hukunci da wuri. In ta kama, ya ajiye alama a ƙofar shagon, ya zaga unguwa da ƙafa, ya ce ta mai da shi. Ya kashe, ya cire batir, ya mayar, ya duba ko alamar na nan. Sannan ya miƙa wa yaron motarsa ya ce shi ma ya yi, domin in direba ya kwanta ciwo a tsakiyar hanya, yaron ne zai fitar da mutane. Daren tafiya kuma, su zauna da littafi da biro, yaron na karanto lambobin rijiyoyi daga allo, shi yana rubutawa, kwafi biyu: ɗaya a mota, ɗaya a aljihun riga.